Kafin ka ba maƙeri aikin wuƙa: tambayoyin masu saye da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da mahauta, masu tsire da kilishi, matan gida da magidanta masu layya suka fi yi wa maƙeran wuƙa a Katsina da Daura, musamman masu ba da aiki daga nesa ta waya, waɗanda ba su taɓa taka maƙerar ba. Galibin saɓanin da ke shiga tsakanin maƙeri da mai saye, daga abin da ba a faɗa ba tun farko yake tasowa.

Wuƙa ta cika kasuwa. Me zai sa in ba da aiki in zauna jira?

Idan albasa da tumatir kawai za ka yanka, ta kasuwa ta ishe ka, kada ka wahalar da kanka. Wanda yake bukatar a ƙera masa shi ne wanda wuƙa ke wuni a hannunsa, ko wanda aikinsa ba ya son kuskure, kamar mai yanka sa. A nan ne tsawo da kauri da nauyi da girman mariƙi suke da tasiri, kuma ta kasuwa an yi ta ne don kowa.

Malam, wane bayani zan ba maƙeri in na kira shi?

Fara da aikin, kada ka fara da kamanni. “Ina son wuƙa mai kyau” ba bayani ba ne. Ka ce yanka za ka yi, ko fiɗa, ko sheme nama, ko saran ƙashi, domin kowanne da wuƙarsa, kuma wadda aka ce tana yin duka ba ta gamsar da kowa.

Wuƙar yanka tana son ruwanta, wato ƙarfen da ke gaban mariƙi, ya zama miƙaƙƙe. Ƙa’idar da masana yanka ke bi ita ce tsawon ruwan ya kusa ninki biyu na faɗin wuyan dabbar. Rago da akuya, inci 7 zuwa 8 ya yi. Sa kuwa, inci 12 zuwa 14, ko fiye in babba ne irin waɗanda ake kawowa kasuwar Mai’aduwa ko Charanci. Kaurin bayan wuƙar milimita 2 zuwa 2.5. Dalilin tsawon ba ado ba ne: a mazhabar Malikiyya ana son a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da an ɗaga hannu kafin a gama ba, gajeriyar wuƙa kuwa ita ke sa mutum goga-goga har ya ɗaga.

Ta fiɗa gajeriya ce, inci 5 zuwa 6, mai lanƙwasasshen ciki, tsininta ya ɗan kalli sama kuma ba mai tsananin tsini ba. Mai tsini sosai ita ke huda fata, fatar da aka huda kuwa majema ba sa sayenta da daraja.

Mai kilishi da mai tsire suna son doguwa siririya, kauri milimita 1.5 zuwa 2, wadda za ta ɗan lanƙwasa ta dawo. Ta saran ƙashi akasin haka ce: milimita 5 zuwa 6, da nauyi a gaba.

Bayan aikin sai hannu. Ka auna faɗin tafin hannunka da tef ɗin tela, ka faɗa masa. Mariƙin santimita 11 zuwa 12 yana yi wa yawancin maza, na mata kan ɗan gaza haka. In bahago ne kai, ka faɗa tun farko, saboda kuben da kuma gefen da za a fi wasawa.

Da wane ƙarfe za a ƙera ta?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya yi, kuma “ƙarfe mai kyau ne” ba amsa ba ce. A da, maƙeran ƙasar Hausa daga tama suke narka ƙarfensu. Yanzu kusan kowa tsohon ƙarfe yake saye wurin ’yan gwangwan, kuma ba duka ne ke yin wuƙa ba. Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri idan aka ba shi ruwa, wato aka zafafa shi ya yi ja aka tsoma ya huce nan take, shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. In bai kai kusan kashi 0.5 cikin ɗari ba, ba zai riƙe kaifi yadda ake so ba.

Sifirin ɗin mota shi aka fi amfani da shi. Yawancinsa irin ƙarfen da ake kira 5160 ne ko danginsa, kabon kusan kashi 0.6 da ɗan kuromiyam. Yana da juriya, ba ya saurin karyewa, shi ya sa ya dace da wuƙar yanka da ta sara da adda. Aibinsa ɗaya: sifirin ɗin da ya yi shekaru yana ɗaukar kaya a ƙarƙashin babbar mota yakan tara ƙananan tsaga waɗanda ido ba ya gani, sai ranar ban ruwa su buɗe, ko kuma bayan wata guda a hannun mai saye. Maƙeri mai lura yana guje wa wurin ramin ƙusa na tsakiya, ya goge ƙarfen ya duba kafin ya sa a wuta.

Tsohon magagari yana da kabon kusan kashi 1. Kaifinsa ya fi na sifirin daɗewa, amma ya fi shi gautsi, don haka ya fi dacewa da ƙaramar wuƙar fiɗa ko aska. Sai dai wasu magagaran masu araha na yanzu, bayansu ne kawai mai tauri, cikinsu laushi. Ana gane su ta hanyar ƙona guntu, a tsoma a mai, a buga da masaba: na ƙwarai zai karye tas, na bogi zai lanƙwashe.

Zoben boris, wato ƙarfen 52100, yana da kabon kusan kashi 1 da kuromiyam kusan 1.5. Yana yin wuƙa mai kyau ƙwarai, amma yana da taurin kai a kan uwar maƙera, kuma in wuta ta yi masa yawa sai ya lalace. Kuɗin aikinsa ya fi, kuma ya cancanta.

Rodin gini da falankin masu walda ba sa yin wuƙa. Za su yi siffa, su yi sheƙi, su yanka takarda a ranar farko. Kafin a gama fiɗar rago ɗaya sun dakushe.

Ba gara a yi mini da ƙarfe marar tsatsa ba?

Ƙarfe marar tsatsa yana da kuromiyam aƙalla kashi 10.5, kuma kafin ya yi tauri sai an kai shi sama da digiri 1000 na ma’aunin Salshiyas, an riƙe shi a daidai wannan zafin na wasu mintoci. Wutar gawayi da zuga-zugi ba ta da wannan daidaito. Saboda haka in maƙerin da ke aiki da gawayi ya ce zai yi maka marar tsatsa, ka tambaye shi inda zai ba ta ruwa. In ba shi da tanderun lantarki mai ma’auni, ɗayan biyu ne: ko dai ya yanko ta daga wani ƙarfen da masana’anta ta riga ta taurara, wanda ba laifi ba ne in ya faɗa, ko kuma za ka karɓi wuƙa mai sheƙi marar kaifi. Ga mahauci, baƙin ƙarfe ya fi sauƙin washi a tsakiyar aiki. Ga uwargida da wuƙarta ke kwana cikin kwanukan wanke-wanke, marar tsatsa ta masana’anta ta fi.

Mene ne ban ruwa, kuma me ya sa ake cewa shi ne rabin aikin?

Ya ma fi rabi. Wuƙa biyu daga sifirin ɗaya, ɗaya ta shekara goma tana aiki, ɗaya ta karye a sati, bambancinsu ban ruwa ne.

Bayan an gama ƙira, ana zafafa wuƙar ta yi ja, a bar ta ta huce a iska, sau biyu ko uku. Wannan yana sassauta gajiyar da masaba ta bari a cikin ƙarfen. Maƙeri mai gaggawa yana tsallake wannan mataki, sakamakonsa kuwa karkacewa. Ana kuma barin bakin da kaurin kusan milimita 1, ba a wasa shi ya yi siriri tukuna, in ba haka ba zai yi lanƙwasa-lanƙwasa a cikin mai.

Sai a sake zafafawa a hankali, daidai wa daida daga gindi zuwa tsini. Ƙarfe yana daina kama mayen ƙarfe a digiri 770 ko kusa da haka. Ana ɗan wuce nan kaɗan, zuwa 800 ko 830, sannan a tsoma nan take. Shi ya sa gwanaye suka fi son yin wannan aiki da asuba ko bayan magariba, ko a cikin inuwar rumfa: a tsakar rana ido ba ya ganin jan ƙarfe daidai, sai a wuce da zafi ba a sani ba. In zafi ya yi yawa, ƙwayar ƙarfen tana kumbura, bakin ya riƙa ɓarewa. Gawayin ƙirya da maƙera suka fi so yana riƙe wuta ba ya saurin zama toka, wannan ma yana taimaka wa daidaito.

Sunan aikin ban ruwa, amma sifirin da boris mai suke so, ba ruwa ba. Ruwa yana sanyaya su da sauri fiye da kima, sai su tsage, wani lokaci har a ji ƙarar. Man gyaɗa da aka ɗan ɗumama zuwa digiri 50 yana yi. Baƙin man inji da yawancin maƙera ke amfani da shi saboda araha yana yi, amma ba kullum ba, ga hayaƙi mai cutarwa.

Daga cikin mai wuƙar tana fitowa da tauri ƙwarai da kuma gautsi, in ta faɗi a kan siminti tana iya rabewa. Dole a sake gasa ta da ƙaramin zafi, kusan digiri 200, na awa ɗaya zuwa biyu, sau biyu. Wanda ba shi da obin yana goge ta ta yi fari, ya ɗora bayanta kan ƙarfe mai zafi yana kallon launi: idan bakin ya yi launin busasshen kara, ya isa. In ya kai shuɗi, kusan digiri 300 ke nan, ya wuce na wuƙar yanka, ya koma na adda.

Ba sai mai saye ya iya wannan duka ba. Amma ya tambaya: a me ka tsoma ta, kuma ka sake gasa ta bayan nan? Maƙerin da ya san aikinsa zai amsa ba tare da inda-inda ba.

An ce mini taurinta 60. Me wannan lamba take nufi?

Ma’aunin taurin ƙarfe ne da ake kira Rockwell, yawan lambar yawan taurin. Wuƙar yanka da ta fiɗa suna kyau tsakanin 57 da 60, ta sara 54 zuwa 56. Sai dai na’ura ce ke auna shi, kuma ba kowace maƙera ke da ita ba. Wanda ya ba ka lamba ba tare da na’ura ba, kintace ya yi.

To ni yaya zan gwada ta in ta zo hannuna?

Ka ɗaga ta ka kalli bayanta daga gindi zuwa tsini, ka ga ko a miƙe take. Ka juya bakin sama a cikin haske: baki mai kaifi ba ya ƙyalli, duk inda ka ga ɗigon haske, nan ya dakushe ko ya ɓare. Ka yanka takarda daga gindi har tsini. Wannan ba ya nuna komai sai kaifin yau, don haka ka ci gaba: ka yanka kwali ko igiya sau ashirin ko talatin, ko ka fere busasshen icce, sannan ka koma kan takardar. In har yanzu tana ci, an ba ta ruwa. In bakin ya naɗe gefe, ta yi laushi. In ya ɓare ƙanana-ƙanana, ta yi gautsi.

Ka duba gefen bakin da tsini ko akwai shuɗi-shuɗi. Alama ce ta an ƙona ta a injin gurza lokacin washi, taurin wurin ya tafi. Ka kuma riƙe ruwan da tsumma ka murɗa mariƙin, kada ka ji ko ɗan motsi.

Gwajin saran ƙusa da ake nunawa don burge mutane, kada ya ruɗe ka. Kowane baki mai kauri zai sare ƙusa, amma ba zai sheme nama ba.

Mariƙi fa, icce ko ƙaho?

Kafin wannan, ka tambayi yadda ƙarfen ya shiga cikinsa. Hanya biyu ce. Ko dai ƙarfen ya bi faɗin mariƙin gaba ɗaya, a manna icce hagu da dama a ɗaure da ƙusoshin tagulla biyu ko uku, ko kuma a yi masa siririyar wutsiya a cusa cikin icce. Ta farko ta fi ƙarfi, ita ake so a wuƙar sara. Ta biyu ta fi sauƙin nauyi, kuma ba ta da laifi in wutsiyar ta kai kashi biyu cikin uku na mariƙin, ko ta fita ta gindi aka danne ta. Wadda ke kwaɓewa ita ce gajeriyar wutsiya da aka ƙona aka cusa ba gam ba ƙusa.

Icce kuwa, ƙirya da marke da kanya da maɗaci duk suna yi, da sharaɗin sun bushe sarai. Ɗanyen icce da aka sa da damina, hunturu na shigowa zai tsuke ya tsage, ƙusoshin su fito suna cin hannu. Ƙaho yana da kyau a ido, amma yana santsi in jini da kitse suka taɓa shi. Mahauci ya nemi icce wanda ba a goge shi ya yi sumul ba, da ɗan tudu ko katanga a gaban mariƙin da zai hana yatsa zamewa kan baki. A kuma cike duk wata kafa tsakanin icce da ƙarfe da gam mai haɗi biyu, don a nan jini ke maƙalewa ya yi wari, tsatsa ta fara ta ciki.

Da kube ake ba da ita?

Ka tambaya, kada ka ɗauka. Kube aikin baduku ne, sau da yawa kuɗinsa daban. Abin da za ka duba shi ne ko an sa ƙarin tsirin fata a tsakanin ɗinkin, ta gefen da baki ke kwanciya. In babu, wuƙar za ta yanke zaren ta leƙo. Fatar da aka jeme da bagaruwa ta fi dacewa da baƙin ƙarfe. Ka kife kuben ka girgiza a hankali, bai kamata wuƙar ta zame ta faɗo ba.

Ina Legas, maƙerin yana Daura. Wane hoto zan nema kafin in biya?

Na wuƙarka, ba na wata mai kama da ita ba. Gefe biyu, da bayanta daga sama don ka ga kauri da miƙewa, da inda ruwa ya haɗu da mariƙi, wurin da aikin gaggawa ke tonuwa. A ajiye tef ko rula kusa da ita, a ɗauka a hasken rana. Sai ɗan bidiyo tana yanka kwali sannan takarda, ba tare da an katse ba. In kana shakkar hotunan aikinsa na baya, ka ce ya rubuta sunanka a takarda ya ajiye gefen wuƙar, a kan uwar maƙerarsa. Hotunan wuƙaƙen ƙasashen waje suna yawo a WhatsApp da Facebook, wasu na ɗauka su ce nasu ne.

Wuƙa mai zane kamar igiyar ruwa, wadda ake kira Damaskas, ta fi kaifi?

A’a. Ƙarfe iri biyu ne ake jerawa a haɗe su da wuta, a ninka, a tsoma a asid zanen ya fito. Kaifinta bai wuce na ƙarafan da aka haɗa ba. Akwai kuma ta bogi da aka zana a sama kawai. Ta gaskiya, zanen yana ratsa bayan wuƙar ma.

Yaya ake yanke kuɗi, kuma nawa zan bayar kafin alƙalami?

Farashin ƙarfe da gawayi ba ya zama wuri ɗaya, don haka ka nemi a rarraba maka: ruwa nawa, mariƙi nawa, kube nawa, kuɗin mota na wane ne. Rabi a farko, rabi bayan ka ga hoto ko ka riƙe ta, shi ne abin da ya fi yi wa kowa adalci. Maƙeri yana da gaskiya in ya ƙi farawa hannu banza, musamman in za a buga sunanka a jiki, don ba mai sayenta in ka fasa. Kai ma kana da gaskiya in ka ƙi biyan duka. A rubuta tsawo, kauri, irin ƙarfe, irin icce, kuɗi da ranar karɓa a saƙo ɗaya, kowa ya amsa. In ba ka san mutumin ba, ka tambayi mahautan unguwarsa, ko ka bi ta hannun Sarkin Maƙera ko Sarkin Pawa na garin.

Kwana nawa take ɗauka?

Aikin kansa kwana biyu zuwa huɗu ne, har da bushewar gam, kube ya ƙara nasa. Layi ne ke ja. Lokaci biyu maƙera ba sa ɗaga kai: gab da damina, sa’ad da manoma ke neman fartanya da garma, da kuma makonnin da ke gaban Babbar Sallah. Mai son wuƙar layya ya ba da aiki a Shawwal ko farkon Zulƙida. Wadda aka ƙera a daren Arfa, da wuya a ce an sake gasa ta bayan ban ruwa.

Yaya za a aiko mini da ita?

A shafa mai, a sa a kube, a rufe tsinin da kwali mai kauri, a naɗe da salatif, a ba direba a tasha da rasit a ciki mai nuna wuƙar yanka ce da sunan mai ita. A gaya wa direban abin da ke ciki saboda shingayen jami’an tsaro. Mai hawa jirgi daga filin Umaru Musa Yar’adua ko na Kano kada ya sa ta a jakar hannu, za a karɓe.

In ta lalace, laifin wa?

A yi wannan magana kafin a biya. Tsagewa ba tare da an yi sara da ita ba, mariƙi mai kwaɓewa, baki mai naɗewa a kan nama zalla, duk na maƙeri ne, ya gyara ko ya sake. Saran ƙashi da wuƙar yanka, buɗe gwangwani da tsini, kai ta wurin mai injin washi ya ƙona bakin, barinta cikin ruwa ta kwana, waɗannan na mai ita ne. Baƙi-baƙi ko toka-toka da albasa da lemun tsami ke bari a jikin baƙin ƙarfe ba lalacewa ba ce, yana ma ɗan kare shi. Jan tsatsa ne abin gudu.

Yaya zan wasa ta, yaya zan ajiye?

Dutsen washi da ruwa. Ka ɗaga bayan wuƙar kusan digiri 15 zuwa 20 daga dutsen, ta sara 25 zuwa 30. Ka yi ta gogawa a gefe ɗaya har ka ji ɗan gashin ƙarfe ya taso a ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini, sannan ka juya. A ƙarshe ka ja ta da baya a kan fata don cire gashin. Wanda bai cire shi ba zai ga wuƙa ta yi kaifi na minti biyar ta mutu. Hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Sahihu Muslim ya yi umarni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, malamai kuma sun hana wasawa a gaban dabbar, don haka a gama washi tun da dare.

Bayan aiki a wanke, a share nan take, a shafa man kaɗanya ko farafin na kemis. Da damina kada a bar ta cikin kube wata da watanni, fata tana riƙe danshi. A naɗe ta a takarda mai mai, a ajiye kuben gefe.

Za a iya ƙera mini irin Gajere, ko irin wuƙar Bayajidda, don ado?

Ana yin wuƙaƙen ado da takubban hawan Sallah, kuma a nan maƙerin baƙi yana haɗa hannu da maƙerin fari da baduku. Amma Gajere, takobin Korau, kayan sarautar Katsina ne, haka wuƙar da tarihin baka ya ce maƙeran Gaya suka ƙera wa Bayajidda kafin ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Abin da za a yi maka kwaikwayo ne bisa tunanin maƙeri, kada wani ya sayar maka da shi a matsayin daidai da na asali. Ka kuma faɗa ko kana son a wasa ta, domin ta ado ba ta bukatar kaifi.

Kada ka ji haushi in maƙeri ya tambaye ka sana’arka, ko ya ƙi yi wa yaro wuƙa mai baki biyu. Waɗanda suka ga ɓarnar ƙauraye a Katsina suna da dalilin tambaya, wasu ma ba sa karɓar irin wannan aiki sai wani babba da suka sani ya tsaya wa mai sayen.